Ragowar Fim a Gidan Malam Shitu

Duk wanda ya yi katin makaranta ko fasfon aikin Hajji a Rano a shekarun nan, da wuya in bai zauna a bencin Ishiyaku Mai Hoto ba. Gajere ne mai faɗin murya, in yana dariya har kafaɗunsa rawa suke yi. Shagonsa ɗan mitsitsi ne, amma akwai labule mai zanen wani katafaren gida da mota a ƙofa, gidan da rabin samarin Rano da Kibiya suka taɓa mallaka na ɗan lokaci, hannu a aljihu.

Mutumin Tarai ne, ɗan Malam Shitu mai makarantar allo. Yayyensa duk sun haddace, kowa ya shimfiɗa buzunsa. Shi ma ya yi sauka, ba laifi, sai dai tun yana ƙarami idonsa ya fi kunnensa aiki. Ana biya masa karatu, shi yana can yana kallon yadda rana take ratsowa ta rufin zaure. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ya dawo daga birni da kyamara rataye a wuya, ya durƙusa gaban mahaifinsa yana neman a sa wa sana'ar albarka.

Malam Shitu ya dubi kyamarar, ya dubi ɗansa, ya ce, "Malamai sun yi saɓani a kan abin nan, ni kuwa ina tare da masu tsantseni. Ba zan hana ka neman abincinka ba. Amma a gidan nan kada ka ɗauki abu mai rai, ko kaza ce. Batun albarka kuma, Allah ya shirye mu baki ɗaya."

Ishiyaku ya ce amin, ya tashi. Ɗan malam ne, ya san bambancin addu'ar shiriya da sa albarka. Abin ya tsaya masa a rai shekara da shekaru. Ya yi aure, ya haihu, shago ya kafu, amma duk sanda ya ji mahaifin nan nasa yana zuba wa wani mai faskare ko mai gyaran keke albarka, sai ya kawar da kai ya bar wurin.

A lokacin sai an kai fim Kano ake wanke shi. Ishiyaku kan kwana Tarai ranar Juma'a, Asabar ya wuce birni, kuma sau da yawa fim ɗin yakan rage kaɗan bai cika ba. Shi kuwa mutum ne da ba ya ƙaunar asara. Wata Juma'a da la'asar sai ya ga rana ta sauka a jikin randar mahaifiyarsa, Inna Jumai, gefe guda ya yi ja, ga moɗa a kife a kan murfi. Randa dai ba ta da rai. Ya durƙusa ya ɗauka.

Daga nan fa aka samu abin yi. Matsalar ita ce gidan ƙauye cike yake da masu rai, kuma babu wanda ya gaya musu dokar Malam. Da ya saita rumbu sai akuya ta shigo ta tsaya a tsakiya tana tuƙa, kamar ita ta biya kuɗin hoton. Ya kore ta, zakara ya maye gurbinta. Inna Jumai kan zauna a bakin murhu tana dariya har da hawaye.

"Kai Ishiyaku, mutane na biyan ka ka ɗauke su, ka zo nan kana lallaɓa randa? To ga ƙuda can ya sauka a kai, shi ma mai rai ne. In kira Malam?"

"Haba Inna, ki rufa min asiri, yanzu zai tashi."

Jiran ƙuda ya tashi da jiran akuya ta wuce su suka koya masa kallo. Ya gane cewa bangon ƙasa kala-kala ne tsakanin hantsi da yamma. Ya ɗauki alluna jingine a zaure bayan an tashi karatu, tawada ba ta gama bushewa ba. Ya ɗauki takalman masallata a ƙofar masallaci, wani ya jera nasa tsaf, wani ya watsar saboda ya makara. Da gida ya ƙare masa sai ya fita bayan gari, wajen zangarniyar dawa da kaka, da jajayen furannin ɗorawa, da duwatsun nan na hanyar Rano bayan an ɗauke ruwa suna ta sheƙi. Daga baya ma da gangan yake rage fim, in ya je ɗaukar hoton biki ango ya ce a ƙara ɗaya sai ya ce ai ya ƙare.

Ya liƙa wasu a shago. Masu zuwa kan tsaya su ƙura ido, can su ce, "Mai Hoto, ina mutumin? Ya gudu ne kafin ka danna?" Sai ya yi dariya ya ce e, sauri yake yi. Malam Shitu kuwa bai taɓa neman gani ba, shi ma Ishiyaku bai taɓa yin ƙarfin halin nuna masa ba.

Ana nan wayar hannu ta iso ƙauyuka. Malam Shitu yana da wa, Abdulganiyyu, wanda ya tafi Hajji ta ƙasa tun suna samari, ya yada zango a Sudan, zangon ya zama zama. Wani ɗan kasuwa mai zuwa can ya kawo lambarsa. Ranar da aka haɗa su, a kan tudun bayan gari inda waya take kamawa, tsofaffin nan biyu suka yi ta sallama suna maimaitawa, an rasa mai iya wuce gaisuwa. Da murya ta dawo, sai Abdulganiyyu ya shiga tambaya. Ƙafa ta ƙi, ba zai iya zuwa ba, amma tsamiyar ƙofar gida tana nan? Rijiyar fa? Wane irin girma tsamiyar ta yi?

Malam Shitu, mutumin da yake fassara aya ya yini bai maimaita kalma ba, ya tsaya yana cewa, "Tana nan, Yaya. Ta yi girma. Girma dai sosai." Ya dawo gida ransa a jagule, don ya ji yadda wansa ya yi shiru a waya, shirun wanda bai ƙoshi ba.

Inna Jumai ce ta ajiye masa tuwo ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, ai tsamiya ba ta da rai irin wanda ka hana. Ɗanka yana da ita a jaka, ita da rijiyar, har da randata."

Juma'ar da ta biyo Malam ya ce a kawo jakar. Ishiyaku ya zazzage hotuna a kan buzu. Malam ya sa tabarau ya ɗauki na alluna, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan zauren nawa ne?"

"Shi ne, Malam."

"Ikon Allah. Kullum a ciki nake zaune, ban san haka yake ba." Ya ɗauki na tsamiya, ya ɓata fuska. "Wannan kuma ba ta nan Yaya ya san ta ba. Ta gabas yake hawa. Tashi mu je."

Mutanen Tarai ba za su manta da yammacin nan ba. Ga Malam Shitu a gaba da sanda, ga Ishiyaku a baya da kyamara, Malam yana ba da umarni. A ɗauki bakin rijiya inda igiyar guga ta ci itace. A ɗauki kangon ɗakin mahaifiyarsu, da kabewar da ta haye shi. Da wata tunkiya ta shigo, Malam da kansa ya tattare babbar riga ya bi ta da "Kis! Kis!" har hularsa ta faɗi. Ishiyaku ya yi dariyar da ya kasa riƙe kyamara. Ya yi murna ranar, murna mai yawa, amma da suka koma gida Malam cewa kawai ya yi, "Sannu da aiki." Ɗan kasuwan nan ya tafi da hotuna, Ishiyaku ya koma Rano da tsohon ƙullinsa a rai.

Bayan an yi girbi saƙo ya zo cewa hotuna sun isa, a hau tudu. Aka tafi har da maƙwabta, aka buɗe muryar waya kowa yana ji. Abdulganiyyu yana dariya yana shessheƙa, yana faɗa wai an bar rumbu a karkace kamar yadda ya bar shi, wai jikokinsa sun ƙi yarda dutse yana sheƙi haka. Ya ce kwana yake yi yana zaga Tarai a kan gadonsa. Can ya ce, "Shitu, wa ya ɗauki waɗannan?"

"Yaron wajena ne, Yaya. Ishiyaku. Sana'arsa ke nan."

"Ka sa masa albarka?"

Malam ya yi gyaran murya, ya dubi ƙasa.

"Shitu, da kai nake. Yaro ya ɗauko min gidanmu ya kawo min har Sudan. Sa masa yanzu, ina ji."

Malam Shitu, mai furfura har gira, wanda duk Tarai ake durƙusa wa, ya ce, "To, Yaya," da 'yar muryar ƙanin da aka aika. Ya miƙa wa wani wayar, ya juyo. Ishiyaku ya riga ya zube a ƙasa. Malam ya ɗora masa hannu a ka.

"Na daɗe da sa maka a zuci, bakin ne ya yi nauyi. Allah ya yi maka albarka, ya yi wa idonka albarka, ya yi wa sana'arka albarka."

Tudun ya ɗauka da amin. Daga cikin waya tsohon yana ta ihu, "Ban ji ba! A maimaita!" Malam ya ɗaga murya ya maimaita.