Shekarar da Aka Koma Dama

Akwai firamare a bayan gidan da nake aure. Duk safiya idan aka buga ƙarfen shiga aji, sai in tsaya in saurara, don da irin wannan ƙarfen aka ƙirga mini lokaci a ranar da zan ba ka labari.

Ina aji shida a makarantar ƙauyenmu, can wajen Durun, aka zaɓe ni cikin waɗanda za su je gasar kacici-kacici a Gwarzo. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. Babana ya yi tafiya, saboda haka kakana ne ya raka ni. Kowa a gida ya yi mamaki, domin kakana ba ya son mota. Idan dole ta sa ya shiga, baya yake zama ya runtse ido har a sauka.

Na san dalili, amma ba daga bakinsa ba. Wata rana muna ɓarar gyaɗa, kakata ta gaya mini cewa dā direban babbar mota ne. A makon da gwamnati ta ce motoci su bar hagu su koma dama, ya yi karo a hanyar Kano, ƙaninsa da ke zaune a gefensa ya rasu. Tana da cikin babana wata bakwai a lokacin. Ta kama kunnena ta ce, "Ko da wasa kada ki tayar da maganar nan a gabansa."

A Gwarzo aka zaunar da mu a wani dogon aji mai rufin kwano, iyaye a baya suna fifita da takardu. Na haddace shekarun littafi kamar karatun allo, ban san abin da ke cikinsu ba. Muka yi ta fafatawa har ya rage mu da wata makarantar cikin gari, makinmu ya zo daidai. Alƙalin gasa ya ce tambaya ɗaya ta rage, kuma ba daga littafi take ba. Ta faɗo kaina.

"A wace shekara aka mayar da tuƙi hannun dama a ƙasar nan?"

Ban juya baya ba, amma na san inda kakana yake zaune. Mai riƙe da ƙarfen ƙirga lokaci ya ɗaga hannu yana duban agogo. Na tuna takardar gama firamaren babana da ke cikin akwatinsa, na tuna shekarar haihuwar da aka rubuta a kai. Na ce, "Alif ɗari tara da saba'in da biyu."

Alƙali ya ce daidai ne. Kafin a gama tafi, malamin ɗaya makarantar ya miƙe. Ya ce yarinyar ƙauye ba za ta san wannan ba, wani ne ya raɗa mata. Malaminmu ya fara rantsuwa. Alƙali ya tsawatar, ya dube ni ya ce, "Yarinya, faɗi inda kika sani. In ba ki faɗa ba, zan soke."

In na yi shiru, an tabbatar mun yi sata, kuma malaminmu ne zai kwana a ciki. In na yi magana, na tona abin da ba a taɓa faɗa a gidanmu ba, a gaban mai shi da mutanen gari biyu. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Alƙali ya sake tambaya. Ban ɗago ba.

Sai na ji ƙarar benci daga baya.

"Malam, a yi mini haƙuri," in ji kakana. "Jikata ce. A gida ta sani. Ni nake tuƙi a makon. A wata kwana hannuna ya koma inda ya saba, na kashe ƙanina. Ubanta bayan wata biyu aka haife shi, sunan mamacin ya ci."

Malamin da ya yi ƙorafi ya zauna a hankali. Alƙali ya cire hularsa ya mayar, ya ce Allah ya jiƙansa, aka amsa da amin. Aka ba mu maki, amma ba wanda ya yi tafi.

A mota ina ta jiran faɗa. Mun wuce gonaki da yawa kafin na lura idonsa a buɗe yake. Ya ce, "Kakarki ba ta iya riƙe magana." Sannan ya fara ba ni labarin ƙaninsa, yadda yake son rake, yadda yake yi wa kakana waƙa in barci ya fara ɗaukarsa a kan tuƙi. Har muka sauka bai daina ba.

Kakana ya daɗe da rasuwa. Yanzu yarana kan nemo kowace shekara a waya kafin in rufe baki, kuma ba sa kuskure. Ina yaba musu. Amma in suka faɗa mini lamba, nakan ce su je su tambayi wani tsoho inda yake a shekarar, tun ana samun wanda zai amsa.