Bencin Baya na Doguwa

Maje haifaffen Tarauni ne, tun tana gonaki da 'yan gidajen ƙasa. Ubansa jakuna yake kora. Shi kuwa a soja ya koyi tuƙi, ya dawo daga yaƙi da toshewar kunnen hagu da ƙarancin magana. Obiechina, wani mutumin Ibo mai motocin haya, shi ya ɗauke shi aiki. Garejin yana Gyadi-Gyadi, bakin hanyar Zariya. Motocin suna kwasar mutanen ƙauye zuwa birni su dawo da su, zangon ƙarshe kuma gindin wata tsamiya ne a Ƙauyen Alu.

Sunan bas kawai suka ci. Manyan motoci ne da Cyprian kafinta ya yi wa bodin katako ya jera benci. Mai son sauka sai ya ƙwanƙwasa katako. Ta farko sunanta Kunkuru, ragowar soja, da hannu ake murɗa ta kafin ta tashi. Sai Mai Hanci, wadda ke shan ruwa fiye da mai. Sai Doguwa, wadda Maje ya fi daɗewa a kanta.

Direbobin garejin suna da al'ada. Ranar da za a ajiye mota don ta tsufa, direbanta zai fita da ita babu kowa da tsakar rana, ya bi hanyarta, kowane zango ya tsaya ya buɗe ƙyauren baya ya ce an iso, a sauka lafiya. Sun ce ba duk mai hawa mota ake gani ba. Obiechina yakan ce ɓarnar mai ce, amma bai taɓa hana man ba. Haka Maje ya sallami Kunkuru, haka Mai Hanci.

A 1957 aka kawo sabuwar bas ta ƙarfe, mai gilasai da ƙararrawa. Maje ya fita sallamar Doguwa, ta mace masa bayan Unguwar Gano, saura zango ɗaya. Aka jawo ta da igiya, aka kwance tayoyin, aka jingine ta kusa da gawar 'yan'uwanta biyu. Kajin unguwa a cikin waɗancan suke ƙwai. Doguwa kuwa, ko kaza ɗaya ba ta shiga cikinta ba.

Daga nan Maje ya fara jin ƙwanƙwasa. In rana ta take, ya zo daidai garejin a sabuwar bas, sai ya ji ana buga katako a bayansa, alhali motar ba katako. Kuma da mataccen kunnen yake ji. Ƙafarsa ba ta shawara da shi, sai dai ya ga ya taka burki. Rannan ƙwaryar nonon wata mata ta kife a kan wani ma'aikaci, zancen ya kai ga Obiechina. Ya ce in aka ƙara, Maje ya ajiye makulli. Jakunan uban an sayar tuni, gona babu. Tuƙin nan shi ne tuwon gidan.

Matarsa Safara'u ta kawo rubutu ya sha, bugun bai daina ba. Sai Maje ya kira Cyprian suka leƙa cikin Doguwa. Ƙura ta rufe kowane benci, ban da gefe ɗaya na bencin baya. Wurin fes yake, faɗin zaman mutum ɗaya.

"Malam Maje, fasinjanka akwai haƙuri," in ji Cyprian. "Da ni ne, da tuni na ƙarasa da ƙafa."

Shi kansa Cyprian bai yi dariyar maganarsa ba. Ya yi alamar gicciye a ƙirji, ya zare ƙusoshin bencin.

Maje ya yi gammo, Cyprian ya aza masa bencin, ya kama hanya da rana tsaka. Gefe ɗaya yana rinjayarsa, dole ya riƙa tallafe shi da hannu biyu. Masu hutawa a inuwa suka yi ta tambayarsa ko yanzu shi ne motar. Ya ci gaba da tafiya, bai ɗaga ido sama ba. Wuyansa ya sage kafin ya kai tsamiyar.

Ya sauke a hankali. Ya ce, "An iso. A sauka lafiya. A yi haƙuri da jinkiri."

Ba abin da ya motsa. Da ya kama bencin zai mayar, sai ya ga hannu ɗaya ya ɗaga shi. Ya ajiye shi a nan ya tafi.

Bugun ya daina. Obiechina bai tambayi bencinsa ba, Maje kuma ya riƙe makulli har idonsa ya yi rauni. Bencin ya shekara da shekaru a gindin tsamiyar. Gara ba ta ci ba, masu jiran mota kuma sun gwammace su zauna a ƙasa.

Abu ɗaya ya rage masa. Duk lokacin da zai taso daga Ƙauyen Alu, sai ya buɗe ƙofa ya dakata kaɗan kafin ya bar kowa ya hau. Safara'u ta taɓa tambayarsa wa yake jira.

Ya ce, "Wanda na kawo. Ai wata rana zai koma."