Baba Majigi da Sosonsa

"Sauko, na ce! Ko sai na janye tsanin nan?"

"Uwar yara, yanzu-yanzu. Filtar kawai zan zaro."

"Yanzu-yanzun nan naka ne ya cinye mini ƙuruciya!"

Haka muka tarar da su a ɗakin taron unguwarmu, ranar da aka shirya sallamar Baba Majigi. Shi yana can saman tsani inda aka rataye majigi, matarsa tana ƙasa ta riƙe ƙugu. Likita ya hana shi hawa tun da jiri ya fara ɗibarsa, amma ya ce ba zai bar wa kowa injinsa da datti ba. Mu dai muka ja kujeru, don irin wannan kallon ba ya buƙatar wuta.

Tun 'ya'yanmu suna goye mutumin nan yake kula da majigin ɗakin nan. Da safe yakan riga mai shara isowa, ya tsare ta a ƙofa sai ta yayyafa ruwa kafin ta ɗaga tsintsiya. Sannan ya kunna injin, ya kara kuncinsa a wajen da iska ke fita, ya lumshe ido kamar uwa na duba zazzaɓin jariri. Yakan ce majigi ma numfashi yake yi. Fanka ce ke jawo iska ta sanyaya ƙwan da ke ciki, filta kuwa ɗan soso ne da bai kai tafin hannu ba, shi ke tare ƙura a bakin hanya. In ya toshe, zafi ya taru, hoto ya dushe, injin ya ɗauke. Ba ya taɓa zaro shi sai fanka ta tsaya, ƙarfe ya huce. Ya kakkaɓe da burushi mai laushi, in ya yi baƙi ya ɗauraye, ya shanya a inuwa. Mayar da shi da danshi kuwa, gara ka zagi Baba.

Nan ne fa aka yi abin da har yau ake dariyarsa. Wata rana ya shanya soson a igiyar gidansa, uwar yara ta fito neman abin wanke-wanke, ta ga sabon soso ya zo har gida. Da yamma ɗakin taro ya cika, Baba na can gindin murhu riƙe da wani ɗan tsumma mai maiƙo, ita kuma tana cewa ai ko tukunya ɗaya bai fitar ba, soson banza. Aka ce ya kunna hakanan mana, yau kaɗai. Ya ƙi. Da gunaguni ya yi yawa, sai ya tsaya gaban farin allo ya ba mu labarin fim ɗin da baki, har da muryar mata. Wallahi ba mu taɓa jin daɗin kallo irin na ranar ba.

Matar marigayi tela ma shaida ce. Ta ari majigin ɗanta don ta riƙa ganin mijinta a wani tsohon bidiyo, amma da ya fara murmushi sai hoton ya mutu. Ta zo tana kuka, wai ko a bango ba ya son zama da ita. Baba ya buɗe gefen injin, ya ciro ƙura kamar audugar katifa. Ranar tela ya yi murmushinsa har ƙarshe.

Kai ne, Baba, wanda muke juya wa baya muna kallon bango. Kai ne mai tari a madadin injin. Mun tafa wa 'yan wasan da ba su san da mu ba, kai kuwa ko sannu. To ga ta yau: sannu, mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma masu tasowa, kowane aiki yana da ɗan sosonsa a ɓoye. Ku nemo naku ku riƙa kakkaɓewa.

Da ƙyar dai Baba ya sauko daga tsanin. Ya miƙa wa mai shara burushinsa da hannu biyu.

"Riƙe, 'yar'uwa. Ke kika fi kowa sanin ƙurar ɗakin nan."

Uwar yara har ta fara share ƙwalla, sai idonta ya faɗa kan aljihunsa.

"Malam, mene ne wancan yake leƙowa?"

"Wannan? Ai na goge takalmi ne."

"Kai da ke yawo da silifa?"

Ya buɗe baki, mai shara ta riga shi. Ta zare burushi na biyu da ya ɓoye a aljihunsa, ta ja tsanin gefenta ta ɗora ƙafa.

"Zauna, Baba. Daga yau daga ƙasa za ka riƙa yi mini faɗa."

Fuskarsa ta washe. "Ashe gobe ma zan zo?"

"Gobe ma?" in ji uwar yara. Ta suri jakarta. "To a kawo maka tabarma, ka kwana nan!"

Ta fice, ta bugo ƙofa garam, har ƙura ta zubo daga rufi.