Kawu Ilu da Lodin Saman Silin

Ku da kuka san Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, kun san ba ya wuce bola bai leƙa ba. Ranar da mutanen Sevran, garin da yake zaune can ƙasar Turawa, ke fito da tsofaffin kaya bakin titi, shi ranar sallarsa ce. Firijo marar ƙofa, keken ɗinki, kujera mai ƙafa uku, duk sai ya jawo su gida. Matarsa Inna Hadiza ta ce, "Malam, wannan kuma fa?" Ya ce, "Akwai mai shi can gida Maradi, bai dai sani ba tukuna."

Da gida ya cika, sai ya ɗaga kai sama. Akwai fili tsakanin silin da rufi. Maƙwabcinsa kafinta ya hau ya duba, ya ce katakon ba zai ɗauki nauyi ba. Kawu ya ce, "Ni da na yi shekara goma ina lodin babbar mota za a koya wa lodi?" Ya shimfiɗa tsofaffin ƙyamare, ya fara hawar da kaya.

Daga nan kwanciyar hankali ta ƙare. Silin ya dinga kuka, ƙiii, ƙiii! Ana cin tuwo, ƙura na zubowa cikin miya. Na zo hutu daga Lyon, na tarar kowa jikin bango yake bi, ba mai yarda ya zauna tsakiyar falo. Na ce, "Kawu, wallahi silin nan ya yi ciki!" Ya ce, "Ke Rakiya, kwantar da hankalinki, bai kai wata tara ba."

Ashe ya kai! Ranar da iyayen saurayin 'yarsa Zara suka zo gaisuwa, dattawa uku, Kawu ya hau ɗauko musu darduma. Sai muka ji ɓaram! Ƙafafu biyu suka ɓullo ta silin, suna reto bisa kan Alhaji Sani, babban baƙon. Muka sa salati. Can sama muna jin firijo na jan jiki a hankali, yana nufo ramin. Inna ta rungume ƙafafun tana kuka, ni kuma na danna lambar 'yan kwana-kwana.

Sai ga murya daga sama: "Alhaji, kun zo lafiya? Ya gajiyar hanya?"

Alhaji Sani, daga bayan kujera, ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ya... ya sama?"

"Sama alhamdu lillahi!"

Da 'yan kwana-kwana suka zaro shi, haƙarƙari biyu a karye, tambayarsa ta farko ita ce ina suke zubar da tsofaffin tsanukansu.

Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe Kawu ko ta tagar bene ba ya iya leƙa ƙasa don tsoro. Duk hawan da zai yi, ita ke riƙe masa tsani. Na ce to don me bai bari ba? Ta ce, "Cewa yake ya daɗe a ƙasar mutane, kunyar komawa gida hannu wofi ta fi tsani ban tsoro."

Bai koma ba. A nan muka binne shi.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yalwata masa kabarinsa, ya amintar da shi daga kowane tsoro. Amin.