Shukar Lahadi

Mijina ya rasu a ƙarshen bazara, lokacin da kowa a Matameye yake ɗaga kai yana duban gabas. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kuma bai daɗe a kwance ba. Ya bar ni da 'ya'ya mata biyu, da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi da rani, da gona a hanyar Kance wadda yake nomawa tun kafin ya aure ni. Na shiga takaba ban gama yarda ya mutu ba.

Wanda bai san takaba ba yana zaton kuka ne ya fi yawa a cikinta. Ni abin da na fi tunawa shi ne yadda kwanaki suka narke suka zama abu guda. Zane ɗaya, babu kwalli, babu turare, babu leƙa ko ƙofar gida. Duniya ta koma sautin da ke tsallako katanga: yaran tasha suna kiran Damagaram, kukan jakuna ranar kasuwa, luguden matan maƙwabta. Nakan zauna a inuwar ɗaki da carbi a hannu, gyangyaɗi ya sace ni, sai in gan shi a gona yana tafe da sungumi, yana saran ƙasa ba ya waiwaye, ni kuma ina bin sa da ƙwarya wadda babu iri a ciki. In farka in tarar rana ko gusawa ba ta yi ba.

Gonar nan ba a taɓa raba ta ba, cikin gandun mahaifin su mijina take. Yadda danginsu ke yi shi ne, wanda ya shuka wuri, wurin yana hannun gidansa; in kuwa damina ta sauka babban wa ne ya zuba iri, to ya koma hannunsa ke nan, ba a sake maganar. Bayan sadakar bakwai wan mijina, Alhaji, ya tsaya daga bakin zaure ya ce kada in sa gona a raina, shi zai shuka bana, in an girbe zai riƙa aiko mana. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai na san wata gwaggonsu da aka yi wa irin wannan alkawari: da fari dami ake kai mata, daga baya ya koma tiya, yanzu gaisuwa ake aika mata. Ni da ba a san ni da haɗiye magana ba, ranar na haɗiye, don mai takaba ba ta ɗaga murya. Na ce Allah ya saka da alheri, na koma ɗaki ina tafasa.

Ba ni da wanda zai shuka mini. Mahaifina ya daɗe da rasuwa a Yauri, ƙanena yana ci-rani a Aljeriya, wayarsa ba ta shiga. Maƙwabta sun yi mini kirki, ba zan ci haƙƙinsu ba, kwanon matar liman bai taɓa yankewa ba. Amma shiga tsakanin mace da dangin mijinta a kan gona, ba mai so. Ga shi ranar shuka ba a aron hannu. Yashinmu ba ya riƙe laima, in ruwan farko ya sauka kowa gonarsa yake rugawa kafin rana ta lashe shi.

A bayan gidanmu akwai 'yan mishan. Ba su da yawa, gidaje ƙalilan ne da majami'ar ƙasa mai rufin kwano, wadda in ba an nuna maka ba sai ka ɗauka ɗakin injin niƙa ne. Fastonsu Bahaushe ne daga wajen Maradi, manomi kamar kowa, matarsa kuma ungozoma ce a ɗan ɗakin shan maganinsu. Ita ta karɓi haihuwar ƙaramar 'yata, tun daga nan nake ce mata Inna. Doguwa ce mai wushirya, kuma Allah bai ba ta shiru ba. Tana wanke jariri tana ba ka labarin Annabi Isa, wanda su suke ce wa Yesu, tana ɗaure cibiya tana waƙa. Mata suna tsokanarta wai maganinta kyauta ne amma da kunne ake biya. Sai ta yi dariya ta ce ai gara da suka sani.

Da na shiga takaba kusan kullum sai ta shigo da la'asar, da zogale a bakin zane. Ta tsefe wa yara kai, ta zauna kusa da ni tana rera waƙoƙinsu ƙasa-ƙasa. Sau da yawa ban san ko a farke nake jin ta ba ko a barci. Ban taɓa yi mata maganar gona ba, amma a garinmu ba sai ka faɗa ba.

Ruwan ya sauko ranar Asabar da yamma. Iska ta fara kwashe kwanuka a tsakar gida, gari ya yi duhu, sannan ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗaki. Yarana suka fita suna tsalle a ciki. Ni kuwa na san gobe war haka Alhaji ya zuba irinsa, an gama da ni.

Ruwa na ɗaukewa sai ga Inna, zanenta sharkaf. Ranar ba ta yi waƙa ba. Ta ce fasto ya riga ya je wurin mai unguwa ya yi tambaya, mai unguwa ya ce in dai iri daga rumbun mamaci ya fito, kuma matarsa ce ta miƙa da hannunta, to duk wanda ya zuba shi a ƙasa ɗan aike ne kawai, shukar ta marayu ce. Ta ce suna da irin da suke raba wa manoma, amma in aka sa shi Alhaji zai ce mishan ta cinye gonar ubansa, kuma mutane za su yarda. Shi ya sa ta zo karɓar nawa.

Na san abin da za a ce a gari, cewa yunwa ta sa na jingina da majami'a tun kabarin mijina bai bushe ba. Kuma ni kaina ina da zargi, ba zan ɓoye ba.

"Inna, me kuke nema a wurina?" na ce. "Ki faɗa mini gaskiya tun ban taɓa irin nan ba."

"Ɗiyata, ina so ki san Yesu yadda na san shi. Wannan ban taɓa ɓoye maki ba, kuma ba zan daina so ba. Amma ba da gero zan saye ki ba. Ki ce a'a yau, ki ce a'a har ki tsufa, gobe dai za mu shuka."

Na tambaye ta to don me. Ta ce a wurinsu wanda ya tashi daga addu'a ya wuce ana ƙwace wa marayu abinci bai ce komai ba, addu'arsa ko rufin kwano ba ta huda ba. Na ce ai mu ma haka liman yake faɗa. Ta ce to kin gani. Na ce ni dai Musulma ce, kuma a kan haka zan mutu. Ta ce ta ji, in tashi in ɗauko iri kafin duhu ya yi.

Irin yana rataye can sama a cikin rumbu, zangarniyar da mijina ya zaɓa da kaka, manya-manya masu cikakken ido. Da na sauko da shi sai na ga ƙullin igiyar, irin wanda yake yi wa kaya a bayan babur, wanda kullum nake masa tsiya cewa aljani ma ba zai kwance ba. Na zauna a ƙasa da shi a cinya na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Inna ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta bari na gama, sannan muka sussuke shi a turmi a hankali, muka sheƙe. Na yi bisimilla a kan ƙwaryar, ita ma ta rufe ido ta yi tata addu'ar, na miƙa mata da hannu biyu.

Kowace Lahadi ina jin gangarsu da waƙarsu ta bayan katanga. Wannan Lahadin ban ji komai ba, sai ɗigar ruwa daga indararo. Daga baya maƙwabciyata ta ba ni labari, don gonarsu tana kusa da tamu. Ta ce tun da asuba suka fita gaba ɗayansu, fasto ya tara su a gindin gawon da ke tsakiyar gonar ya yi masu gajeren wa'azi, daga nan maza suka jeru a gaba da sungumi, mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige, suna waƙa. Wannan ce ibadarsu ta ranar. Gonar tana da nisa, ba yadda za a yi murya ta iso gidanmu, amma ni har yau zan iya rantsewa na ji su. Ina kwance a kan tabarma, iska mai sanyi tana ɗaga labule, waƙar tana zuwa tana komawa. Na sake ganin mijina a gaba da sungumi, wannan karon ƙwaryar da ke hannuna da nauyi.

Alhaji ya isa da mutanensa da hantsi ya tarar an rufe ramin ƙarshe. Ya zo zaure yana huci, ya ce na kunyata gidansu, na kai gonar ubansa majami'a. Magana ta je gaban mai unguwa da liman. Liman bai tambayi wace waƙa aka yi ba, irin wane ne ya tambaya, da aka faɗa masa ya ce gonar marayu ce, a bar masu. Har yanzu tana hannunmu. Amma ban fita lafiya ba. Wasu mata suka ɗauke ƙafa, wata har ta tare babbar 'yata a bakin famfo tana tambayar ta ko har yanzu muna salla. Wannan ya ƙona mini rai fiye da hucin Alhaji. Da noman farko ya zo, 'ya'yan liman da wasu maƙwabta suka shiga gayyar, aka ce gefe guda ana waƙar mishan, gefe guda ana salati, ciyawa dai ta sha kashi.

Sauran daminar kamar a mafarki na yi ta. Bayan wannan Lahadin sama ta ɗauke na ɗan lokaci, na ji ana ta roƙon ruwa, sannan ya dawo ya yi ta kiɗa a kan kwano. Inna ta ci gaba da zuwa, ta ci gaba da wa'azinta, ni kuma na ci gaba da ce mata a'a, wani lokaci da gardama har yara su yi mana dariya. A jikinta take nuna mini tsawon geron: yau ta dafa gwiwa, wani zuwan ta dafa ƙugu, can ta ɗaga hannu sama da ɗankwalinta. Sai in rufe ido in shiga cikinsa ina tafiya, ganye yana shafar fuskata. Ko sau ɗaya ban tambaye ta tasu gonar ba.

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na ɗaura sabon zane, na kama hanyar Kance a ƙafa. Haske ya yi wa idona yawa, mutane suna gaishe ni kamar wadda ta dawo daga Makka. Na tarar da gero ya fi ni tsawo, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Na tsaya a ciki ina shafa shi ina godiya ga Allah.

A dawowa na biyo ta kan tudu, inda aka ba 'yan mishan aron fili. Can na ga tasu. Gero gajere iya ƙirji, nan akwai can babu, zangarniyar sirara ba ido. Inna tana duƙe a tsakiya tana tsinkar yakuwa. Sai a lokacin ta faɗa mini. Sun koma tasu washegari laima ta riga ta gudu, abin da ya tsiro farin nan ya ƙone shi, suka sake shuka a makare, ruwa ya ɗauke bai kai shi ba. Raina ya ɓaci, na ce don me ba ta faɗa mini ba duk zaman da muka yi.

"Kowa ya san yashin nan, ɗiyata," ta ce. "Mun san abin da muka bari muka tafi."

Da aka yi girbi, kafin dami ɗaya ya shiga rumbuna na sa amalanke ya juya ƙofar gidansu. Na bi shi a baya na shirya faɗa, don na tabbata za ta ce ba don a biya su suka yi ba, ni kuma na tanadi amsar da zan ba ta. Ta fito ta ga kayan, ta dube ni. Ba ta yi musu ba. Ta matso ta ɗora hannu biyu a kan damin farko.

"Allah ya sa albarka," ta ce a hankali. "Tun jiya ban ɗora tukunya ba."

Na leƙa murhunta, tokar ta yi sanyi. Na ajiye mayafina a kan igiya, na jawo turminta tsakar gida, na ce ta miƙo mini taɓarya.