Masaukin Tulu

Jiya na sayi sabuwar randa a kasuwar Gusau. Da na zuba mata ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, sai na ga kaina ina 'yar shekara tara a ƙauyenmu, can wajen Wanke, a gindin dutsen da ya raba mu da ruwan daɗi.

Ka san rijiyoyinmu kanwa gare su. Ruwan kirki yana bayan dutse, wani idon ruwa da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin fa, garai-garai kamar hawayen masoyi, ko da bazara ba ya ƙafewa. A nan kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, ya fara ganin kakata Inna tana budurwa. Ya roƙi ruwa ta ba shi, ya sha, ya ƙi tafiya. Tun daga ranar ba ta yarda ta sha wani ruwa ba, kuma da ƙafarta take ɗebowa.

Sai gwiwa ta ci amanarta. 'Yan matan gida sun yi aure, ni kuwa ƙaramin tuluna ba ya kai mu azahar. Inna ta rame don ba ta iya haɗiye ruwan rijiya. Baffana da ke aiki a Gusau ya zo ya ce kafin azumi zai ɗauke ta, can akwai famfo har cikin ɗaki. Baba Tsoho kuwa ba mai barin gonarsa ba ne. Shekara hamsin tare, ga rabuwa ta leƙo.

Baba Tsoho ya ce, "Ku ba ni mako biyu. In ba ta iya zuwa ga ruwa, ruwa shi zo gare ta."

Ya ciro injinsa na ban-ruwa daga fadama, ya ɗauko wani mai aikin famfo daga Sabon Gari, Kirista ne, Hausarsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Suka shimfiɗa baƙin bututu daga idon ruwa, ya hau dutse ya gangaro har tsakar gidanmu. Gari ya taru. Aka tayar da inji, ya yi ta kuka, bakin bututu ko ɗigo. Kwana uku ana haka. Mai famfon ya ce injin fadama a shimfiɗe ya saba turawa, ruwa yana kaiwa rabin hawa ya tsaya. Abokan wasan Baba Tsoho suka samu abin yi: "Malam, soyayyar taka ta sare a tsakiyar dutse!"

Inna na zaune a kan tabarma tana matsa gwiwa. Ta kira Baba Tsoho, ta ce, "Kai dai ba ka taɓa ɗaukar tulu ba. Wace macce ta taɓa haye dutsin ga ba ta aje kaya ba? Shi ma ruwan shina gajiya. Ku ba shi masauki."

Masaukin tulu wani shimfiɗaɗɗen fa ne a rabin hawa, ƙarƙashin tsamiya, inda mata ke sauke tuluna su huta. Gindin tulu har ya yi masa ƙananan ramuka. Mai famfon ya dafe kai yana dariya, ya ce, "Inna ta fi mu karatu." Suka ajiye duro biyu a wurin. Inji na farko ya cika su, suka aro na maƙwabci ya ɗauka daga nan zuwa ƙololuwa. Gangara kuwa ruwa ba ya neman taimako.

Ana gobe baffa zai zo, da hantsi, bututu ya yi tari sau biyu ya feso. Baba Tsoho ya hana kowa taɓawa. Ya tara ƙwarya, ya durƙusa da tsufansa ya miƙa wa Inna.

"Na biya ruwan da kika ba ni."

Ta sha, ta goge baki, ta ce, "Nawa ya fi sanyi." Amma idonta ya cika. Washegari motar baffa ta koma da buhun dawa, babu Inna.

Yau garin yana shan burtsatse mai aiki da hasken rana, rana ta cinye bututun, su biyun suna kwance a maƙabarta ɗaya. Duk wanda ya ce mini irin wannan soyayya sai a littafi, nakan ce ya je ya hau dutsenmu. Durorin nan suna ƙarƙashin tsamiya, sun yi tsatsa, daidai inda Inna ta ce a ajiye su.