Ranar da na binne carbin mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da kuɗin man fetur suka fara shiga aljihun ma'aikata har kowa ya ɗauka shi ma wani ne, na samu aikin akawu a Kano. Ni kuwa ɗan ƙauye ne tuburan, daga wani lungu tsakanin Roni da Gwiwa, inda mu Katolika gidajenmu ba su da yawa. Cocinmu ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, ƙararrawarmu kuma tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a jikin darbejiya. Katikis, wato malamin coci, shi ke jan mu addu'a kowace Lahadi, domin Fada, babban limaminmu, sai a yi watanni bai leƙo ba. Amma ranar ɗaya ga Janairu, ranar bikin Maryamu Uwar Allah, ba ya fashi. Ko ta halin ƙaƙa sai mun ji ƙarar babur ɗinsa kafin azahar.

Matan cocinmu suna da wata al'ada a wannan rana. In an gama Mas, wato babbar addu'ar da Fada ke ja, maza su fita, su kuma iyaye mata su durƙusa a gaban hoton Uwa Maryamu, kowace ta kira sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa su a hannunta na shekara guda. Mahaifiyata ba ta wasa da wannan. Tana iya yafe tuwon ranar, amma ban da miƙa 'ya'ya.

Sai dai ku sani, ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ci abinci, sai ta dubi tukunya ta ce, "Wanda ke jin yunwa dai ga tuwo nan." In na yi laifi, bango ne ke shan faɗa. Da ina yaro nakan laɓe a tagar coci ranar sabuwar shekara, in ji ta jero sunayen ƙannena tas, nawa shiru. Na san kunya ce, kowa ya sani, amma a can cikin raina abin yana ci na. Na riƙa ɗauka cewa ni kaɗai ne ba a miƙawa.

To, a shekarar da nake ba ku labari, na dawo gida da shirin burgewa. Na ɗinka wando mai faɗin ƙafa wanda ke share hanya kafin in wuce, na sayi takalmi mai tudun dunduniya, na tara suma kamar kwando. Daga Kazaure na ɗauki hayar babur har ƙofar gida, don kada wani ya ce ya gan ni a ƙafa. A aljihuna kuma ga babbar tsaraba: sabon carbi na gilashi, shuɗi, mai ɗaukar ido, da na sayo a Sabon Gari.

Dalilin sayensa shi ne carbin Inna ya daɗe yana ba ni kunya. Tun ranar baftismarta aka ba ta shi, ya tsinke an ƙulla ya fi a ƙirga. Duk inda ƙwaya ta ɓace sai ta zura abin da ta ga dama: nan ƙwallon magarya, can murjani, ga tsakiya ja, ga wani ɗan dutse baƙi, har da wani ƙaton maɓalli mai ruwan ƙasa da ya tsaya a tsakiya kamar baƙon da ba a gayyata ba. Na ce uwar akawu guda ba za ta shiga sabuwar shekara da wannan tarkace ba.

Da sassafe ranar bikin, Inna ta tafi rijiya. Na shiga ɗakinta, na sauke tsohon daga ƙusar da yake rataye, na rataya sabon. Daga nan sai ilimina ya motsa. Katikis ya koya mana tun muna yara cewa abin da Fada ya sa wa albarka ba a jefa shi a juji, sai dai a ƙone ko a binne. Allah ya so ni ban zaɓi ƙonawa ba. Na naɗe carbin a farin hankici, na zaga bayan ɗaki, na auna taku uku daga turken jakinmu, na haƙa rami na binne. Na daddale wurin da ƙafa, na share da tsintsiya har ba alama. Wallahi har addu'a na yi masa, ina jin kaina kamar wani ƙaramin Fada. Sannan na yi wanka, na shiga kayana, na fita gaishe da kawunnaina don su ga yadda Kano ta karɓe ni.

Na dawo da hantsi ina jiran shi albarka. Na tarar da Inna zaune a kan turmi, sabon carbin a tafin hannunta, tana jujjuya shi kamar an ba ta kifi ɗanye. Ba ta dube ni ba. Tulun ruwa ta duba.

"Wani ya shiga ɗakina," ta ce wa tulun.

Na durƙusa na ce, "Ni ne, Inna. Tsarabarki ce. Na gilashi ne, irin wanda matan birni ke riƙewa."

"A tambayi mai tsarabar, ina nawa?"

Na gyara murya, na yi mata bayani dalla-dalla yadda doka ta ce, da yadda na binne shi cikin mutunci. Ina magana ina jiran ta yaba. Ta ɗaga sabon carbin ta nuna wa tulun.

"Duba min nan. Duk iri ɗaya, kamar ƙwan zabi. Ta ina zan gane wane ne wane? Tara na haifa. Biyar suna yawo a duniya, huɗu suna wurin Ubangiji. Yau da me zan miƙa su?"

A nan ne na gane. Ashe tarkacen da nake raina ba tarkace ba ne. Inna ba ta karatu, ba ta da hoton kowa, kaburburan yaran nan huɗu ma gona ta cinye su tuntuni. Kowane ɗa ta ba shi ƙwaya tasa a jikin carbin, tana gane shi da yatsa ko ido a rufe. Murjanin nan daga jigidar ƙanwata ya fito, wadda ƙyanda ta ɗauke tana shekara biyu. Shi kaɗai ya rage mata na yarinyar, ni kuma na kai shi rami da hannuna.

Ana cikin haka aka buga ƙarfen coci na farko. Ban tsaya cire kaya ba. Na suri fartanya na yi bayan ɗaki, na auna taku uku daga turke, na hau haƙa. Ƙasar rani ce, ta bushe ƙamas. Na haƙa har gwiwar hannu, babu hankici, babu dalilinsa. Na ce wataƙila takun safe ya fi tsawo, tunda ba takalmi a ƙafata lokacin. Na cire takalmin na sake aunawa. Babu. Na ce to ko gabas na fuskanta ba yamma ba. Na koma ɗaya gefen. Kafin a jima na zagaye jakin nan da ramuka, shi kuwa yana tsaye a tsakiya yana kallona yana kaɗa kunne.

Mutane masu wucewa coci suka fara leƙowa ta kan danga. Wani kawuna, wanda ɗazu-ɗazu na gama yi wa bayanin yadda ake aiki a ofis, ya tsaya ya ƙare mini kallo ya ce, "Ɗana, man fetur ɗin ne ya iso gidanmu? In ka same shi ka tuna da ni." Aka bushe da dariya. Wata tsohuwa ta ce ita dama ta san zaman birni ba ya barin mutum haka nan. Wandon nan mai faɗin ƙafa ya kwashi ƙasa ya yi nauyi, sumar ta koma ja, zufa na bin bayana duk da sanyin da ake yi. Aka buga ƙarfe na biyu. Can nesa na jiyo babur ɗin Fada.

Inna ta fito cikin zanenta na biki, ta tsaya a bakin ɗaki hannu wayam. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Daidai nan Goggo ta shigo da ƙwaryar nono a ka. Dattijuwar Bafulatana ce daga rugar da ke bayan gonarmu, Musulma, aminiyar Inna tun suna amare. Kowace sabuwar shekara ita ke kawo nonon da ake dama furar Fada. Ta sauke ƙwarya, ta dubi ramuka, ta dube ni.

"Kai, ɗan nan, rijiya nawa za ku yi a gida ɗaya?"

Na gaya mata komai. Ta riƙe haɓa ta ce, "Subhanallahi! Carbin uwarka ka binne? Ni tasbahata ko jikana bai isa ya taɓa ba." Sannan ta tambaye ni da me na yi alama. Na nuna mata turke. Ba ta ko dubi turken ba, ƙasa ta bi da ido, irin kallon wanda ya girma a bayan dabbobi. Ta yi 'yan taku zuwa wajen rumbu ta nuna da ƙafa.

"Jakin nan a nan ya kwana. Ga kashinsa, ga inda ya yi birgima. Wa ya matsar da turken?"

Inna ta dubi rumbu ta ce, "Ni na mayar da shi inuwa da na dawo daga rijiya. Ai ba wanda ya ce mini turke ya zama shaida."

Jama'a, tun hantsi nake haƙa a gaban matar da ta san amsar. Ni ban faɗa mata alamar ba, ita ba ta tambaye ni ba, saboda ba ma magana. Na nemo ramin tsohon turken, na auna taku uku, sara huɗu kacal sai ga farin hankici.

Goggo ce ta karɓa ta kakkaɓe. Kafin ta miƙa wa Inna, sai ta kama ƙaton maɓallin nan ta kawo shi daf da hancina.

"Ka san wannan?"

Na ce a'a.

"Sakarai. Na rigar makarantarka ne, ranar da aka tafi da kai makarantar mishan. A ƙofar gida ya faɗi, ina tsaye ta tsince shi. Dube shi da kyau."

Na duba. Sauran ƙwayoyin duk da sauran kaushinsu, amma maɓallin ya suɗe sumul, gefensa ɗaya har ya lotsa daidai girman babban yatsa. Inna ta fizge carbinta, ta ce wa iska, "Wasu dai ba a ba su ajiyar magana," ta wuce coci da sauri.

Haka na shiga Mas ɗin da ƙasa har cikin kunne. Fada ya dube ni har sau biyu. Da aka tashi, maza suka fita, ni kuwa na zaga na laɓe a tagar nan tawa ta yarinta, ƙato da ni. Inna ta durƙusa. Ta bi ƙwayoyin tana kiran sunaye, masu rai da waɗanda suka rigaya, ta ɗan dakata a kan murjani. Da ta iso maɓalli sai ta yi shiru, yatsanta yana murza shi. Ta daɗe a wurin fiye da yadda ta daɗe a kan sauran takwas ɗin gaba ɗaya. Can ta ɗaga kai ta dubi hoton, ta yi magana ƙasa-ƙasa, irin ta mace da 'yar'uwarta.

"Ga wannan kuma. Kin san shi, ba sai na faɗa ba. Ke ma ɗan fari gare ki, kin san yadda suke. Naki kwana uku ya ɓace miki kina nema. Nawa yana da kirki, wayo ne dai ya yi masa yawa. Ki rage masa kaɗan, sauran ki bar masa ya ci abinci."

Na zauna a gindin bangon, ina dariya hawaye na zuba. Ranar na yini ina cike ramuka. Sabon carbin kuwa Fada ya sa masa albarka, Inna ta rataye shi a ƙusa don ado, kuma ban taɓa ganin ta taɓa shi ba.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. Na daina gyara wa mutane abin da ban tambayi tarihinsa ba, musamman tsofaffi. Na kuma gane cewa shekara da shekaru ina tsaye a taga ina kasa kunne in ji sunana, alhali da hannunta na duba da tuni na huta.

Inna ta daɗe da rasuwa. Har ta koma ga Ubangiji ba ta kira sunana ba ko sau ɗaya, kuma yanzu ba na jin zafin hakan ko kaɗan. Da aka zo raba kayanta, ƙannena ba su yi gardama ba, suka ce wanda ya binne ya tono shi ya fi cancanta ya riƙe. Kowace ranar ɗaya ga Janairu nakan tafi da shi Mas a aljihu. Ni namiji ne, ba na durƙusawa cikin mata, amma in kowa ya fita nakan zauna a bencin baya in bi ƙwayoyin nan ina kiran sunayen 'yan'uwana. In na iso maɓalli ba na cewa komai. Ina dai ɗora yatsana a cikin lotsawar da nata ya bari.